Keke mai caji ko na feda: wanne zai kai maharbi daji ya dawo da shi?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. An kwashe gero da dawa, ciyawa ta fara bushewa, lokacin fita ya ƙarato. Mu nan yankin Birnin Kudu, yanzu in kana son ka ga ko sawun gada sai ka yi tafiya mai nisa, don duk wuraren da muke zuwa a ƙafa muna yara sun zama gonaki. Da mashin nake zuwa, to amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafin ya daina fita. Ka zuba mai na kuɗi masu kauri, ka wuni a daji, ka dawo da zomo da 'yan fakaru. Na ga kekuna masu caji a Kano, ba ƙara, ba hayaƙi. Ina tunanin in sayar da mashin ɗin in sayi ɗaya. Akwai wanda ya taɓa shiga daji da shi?

Mai Faci:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka sayar da komai, amsa min: hanyar da kake bi, burji ce, laka ce, ko yashi?

Ɗan Gangare:
Yaya, daga gari zuwa ƙauye na ƙarshe burji ne. Daga nan sai turba ta cikin gonaki, da rafi guda da ake tsallakewa, ya ƙafe amma yashi ne zalla.

Mai Faci:
To zauna ka ji. Yawancin waɗanda ka gani a kasuwa na cikin gari ne. An yi su don kwalta, don kai yara makaranta da zuwa shago. Ƙafarsu ƙarama ce, cikinsu kusa da ƙasa, kuma motar, wato injin da ke juya ƙafar, tana cikin cibiyar tayar baya. Wannan na ƙarshen shi ne inda nake so ka tsaya ka yi tunani.

Keken feda in ya yi faci a daji, ka kwantar da shi a inuwa, ka zare tif ta gefe, ka hura, ka kara a kunne ko ka shafa yawu ka gano hujin, ka goge, ka shafa gam, ka manna, ka tashi. Ko da ta kama a cire ƙafar gaba ɗaya, noti biyu ne. Shi kuwa mai caji, ƙafar bayansa tana da nauyi, ga waya ta fito daga cikin gindin ƙarfen. Ka ja ta da ƙarfi ta tsinke daga ciki, shi ke nan, ka koma turi. Kuma turin ba irin wanda ka sani ba ne. Mai batirin dalma, wanda ake jera guda huɗu a ƙarƙashin sirdi, batiran kaɗai nauyinsu ya isa ya karya maka gwiwa a cikin yashi.

Sannan faci a turbar gona ba ya tashi sallama. Tsidau yana nan shimfiɗe a ƙasa, ba ka ganin sa sai taya ta kwasa. Ga ƙayar aduwa, ga ta bagaruwa inda makiyaya suka sassaro reshe suka bari a hanya. Da rani aikina kenan daga safe har yamma.

Baba Maharbi:
Allah ya yi maka albarka Mai Faci. Ni da Raleigh na yi ƙuruciyata, yanzu Phoenix ke hannuna. Ban taɓa kwana a daji saboda keke ba.

Injiniyan Sola:
Baba ran ka ya daɗe, ba musu nake ba, amma a yi wa abin adalci. Mai Faci ya faɗi na cikin gari ne. Akwai wani iri mai faffaɗar taya, faɗinta ya kai inci 4, ana rage mata iska sai ta riƙa shimfiɗa a kan yashi maimakon ta nutse. Batirinsa litiyom ne, ba nauyi sosai, ana zare shi a shiga da shi ɗaki. Shi aka yi don irin wannan hanya. Matsalarsa kuɗi. Mai kyau a cikinsu zai iya cin kuɗin mashin ɗinka ya nemi ciko.

Ga lissafin da kowa zai iya yi da kansa. A jikin batir za ka ga lamba biyu, misali bolt 48 da amfiya 13. Ka ninka su, ka samu 624. Wannan shi ne abin da ke cikin tankinka. A hanya mai kyau, kana taimaka masa da feda, kilomita guda ba za ta ci fiye da 10 zuwa 12 daga ciki ba. In kuwa ka zauna ka murɗa kawai, ga yashi, ga kaya a kariya, za ta iya cin ninkin haka ko fiye. Ka ga batirin da mai shago zai rantse maka yana yin kilomita 60, a turbarka yana iya tsayawa a 25 ko 30. Kuma ka raba biyu, don zuwa da dawowa ne. Dawowar ma ita ce mai nauyi, in Allah ya ba da sa'a.

Ɗan Gangare:
To Injiniya, in na tafi da ɗan faifan sola fa, in shimfiɗa shi ya riƙa caji ina cikin daji?

Injiniyan Sola:
Faifai mai wat 100, in rana ta yi kyau ba hazo, abin da zai tara maka a wuni bai wuce 400 zuwa 500 ba a wancan ma'aunin. In akwai hazon hunturu, sai abin ya ragu. Kuma ba a jona shi kai tsaye, sai da na'urar da za ta ɗaga wutar ta dace da batirin. Ga ɗaukar faifan a keke ba tare da ya tsage ba. Ga barin sa a fili inda kowa zai gani. Ni dai da ni ne, kuɗin nan batir na biyu zan saya.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: litiyom ba ya son zafi. Kada ka bar shi a tsakar rana a watan Afrilu, kada kuma ka jona shi a caji yana da zafi daga dawowa. Ka bari ya huce. Kada ka yi amfani da cajar da ba tasa ba.

Matar Maharbi:
Ku gafarce ni maza, na shigo da wayar maigida. Wannan magana ta ƙarshe ita na zo in jaddada. In za a saya, a nemo masa wurin kwana a zaure ko rumfa. Ɗakin da ke da katifa da yara da garin bindiga ba wurin cajin batir ba ne. Mu ake bari a gida da shi.

Mai Faci:
Hajiya ta gama magana.

Baba Maharbi:
Ɗana Ɗan Gangare, duk sun yi maka maganar ƙarfe. Ni tambayata, karnukanka fa?

Kare yana bin keken feda don tafiyarsu ɗaya ce. Kana takawa a hankali, yana sassarfa a gefenka, ka tsaya bakin rijiya ya sha ruwa. Ku isa yana da sauran numfashi. In ka hau abin da ke gudu ba ka jin gajiya a jikinka, ba za ka san lokacin da kare ya ƙare ba. Sai kun isa ka ga harshe a waje, tafin ƙafa ya tsage, ya nemi gindin sabara ya kwanta. Wa zai tayar maka da zomo? Shi ya sa in za a fita farautar gayya mai nisa ake loda karnuka a a-kori-kura tare da mutane.

Na biyu. Kuna ta cewa ba ƙara, ba ƙara. Wai ku da keken za ku shiga har gaban naman? Ba ƙarar inji kaɗai nama ke gudu ba. Iska ce ke kai masa labarinka. In ka shigo iska na bayanka, ko a kan auduga kake tafiya gada ta riga ta san da kai. Mu abin da muka gada, abin hawa yana tsayawa a ƙauye na ƙarshe. Ka jingine shi a zauren mai unguwa, ku gaisa, ka faɗi inda ka nufa da lokacin da kake sa ran fitowa. Daga nan ƙafa ce. Ka ɗebi ƙura ka saki ka ga inda iska ta nufa, ka duba sawu, ka duba kashi ko ɗanye ne. Wanda ke kan sirdi ba ya ganin waɗannan.

Ɗan Diffa:
Baba ya taɓo inda nake so in yi magana. Mu nan Diffa a 2015 aka hana moto saboda matsalar tsaro, kamar yadda aka yi a Maiduguri a 2011. Mutane da yawa keke suka koma, da amalanke. To abin da nake tsoro da wannan mai kuran ɗin, wato mai caji, wasu siffarsu sak ta moto ce, da fitila da madubi da dogon sirdi. Jandarma ko soja da ya hango ka daga nesa da abu a rataye a kafaɗa ba zai tsaya tambayar ko esansi kake sha ko kuran ba. A wurin da aka sa dokar hana moto, sai mutum ya je ya tambayi hukuma tukun ko dokar ta hau kan irin nasa. Kada ya yanke wa kansa hukunci.

Ɗan Gangare:
Mu nan Alhamdu lillahi ba a hana ba.

Ɗan Diffa:
Allah ya ƙara muku lafiya. Amma ko ba doka, ka duba halin da ƙauyuka ke ciki yanzu. Mutum ya ɓullo musu daga daji da asuba, ba a ji zuwansa ba, ga bindiga. Ƙarar moto ko ba komai tana yi maka sallama tun daga nesa.

Malamin Daji:
Gaskiya ne. Kuma ba mu manta abin da ya faru da mafarautan Kano a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka tare su a hanya aka kashe su, Allah ya jiƙan su. Duk mai yawo da bindiga, ko ta toka ce, ya riƙe takardarsa da katin ƙungiyarsa a jiki, ya nannaɗe ta a buhu ya ɗaure a jikin keke, kada ya rataya a kafaɗa yana ratsa gari.

Sai dai ni damuwata daban ce, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ɗan Gangare ya ce sai ya yi nisa yake ganin sawu. Me ya bar naman a can? Nisan ne. Wurin da ƙafa ba ta kaiwa a wuni guda shi ne wurin da gada ke haihuwa ta yaye ɗanta. Duk lokacin da aka samu abin hawa da ya sauƙaƙa isa, wannan wurin sai ya matsa gaba, har ya ƙare. Mashin ya yi nasa. Tsadar mai ta ɗan ja masa birki, ba da niyyar kowa ba. Yanzu ga abin da ba ya shan mai, ba a kuma jin sa. In ya yi arha, ina mai tabbatar muku za a gan shi a Falgore da Lame-Burra da gefen Yankari, inda doka ta hana farauta, kuma ma'aikacin da ke sintiri ba zai ji shigarsa ba.

Sarkin Gudu:
Malam, kullum ku laifin maharbi kuke gani. Masu saran itace suna gawayi fa? Masu share daji su yi gona? Su suka cinye dajin, ba mai keke ba.

Malamin Daji:
Ban wanke su ba, ɗan'uwa. Laifinsu ya fi girma ma. Amma ka tambayi Ɗan Diffa labarin mariri, babbar dabbar nan ta hamada mai dogayen ƙahoni.

Ɗan Diffa:
Iyayenmu sun san shi garke-garke a arewa. Shekaru aru-aru ana farautarsa da doki da raƙumi da tarko bai ƙare ba. Da motoci masu shiga yashi suka zo da bindigogin zamani, ga fari ya haɗu, sai ya ɓace. A shekarar 2000 aka bayyana cewa babu shi a daji ko'ina. Sai a 2016 aka dawo da wasu Chadi daga inda ake kiwonsu aka sake su.

Sarkin Gudu:
To ai mota ka ce. Keke ne zai kori mariri?

Malamin Daji:
Ba korar nake nufi ba, isar nake nufi. Mutum goma da ke iya kaiwa wuri sun zama ɗari.

Baƙon Kolorado:
Salamu alaikum jama'a, na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Wannan gardamar taku ita ake yi a nan Amurka, har ta kai ga gwamnati. Bari in ba ku yadda abin yake.

A jihohin yamma akwai dazuzzukan gwamnati masu faɗin gaske, cike da tsofaffin hanyoyin da masu yankan katako suka bari. Da yawa an sa musu ƙofar ƙarfe, mota ba ta wucewa, sai mai ƙafa da mai doki da mai keke. Maharba sun daɗe suna amfani da keken hawan dutse a nan, su ɗaura masa 'yar tirela a baya, don naman da suke nema, wata babbar dabba ce dangin barewa, namijinta yakan kai kilo 300. Dole ka feɗe a wurin ka riƙa jido, kuma doka ta hana ka ɗauki ƙaho ka bar nama ya lalace. Da masu caji suka fito sai kowa ya ce ga sauƙi ya zo.

An kasa su aji uku. Na ɗaya sai kana taka feda motar ke taimaka maka, ta tsaya a mil 20 a awa, wajen kilomita 32. Na biyu yana da abin murɗawa, gudunsu ɗaya. Na uku yana kaiwa mil 28. Motar kada ta wuce wat 750. A 2019 ma'aikatar harkokin cikin gida ta ba da umarnin a sassauta musu a filayen da ke hannunta. Ita kuwa hukumar gandun daji ta tarayya, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar noma, ta ce a wurinta abin hawa mai inji ne, inda aka hana mota shi ma an hana shi, sai in an keɓe masa hanya. Don haka mutum yana iya wuce wata ƙofar lafiya, ya wuce ta gaba a ci shi tara. Sannan akwai yankunan da dokar 1964 ta keɓe, can ko keken feda ba ya shiga.

Masu goyon baya suna cewa dattijo da gwiwa ta gaza da mai rauni a jiki su ma suna da haƙƙi. Masu adawa suna faɗin abin da Malamin Daji ya faɗa, kusan kalma da kalma. Bambancin kawai, a nan ko ka isa da wuri ba ka wuce abin da takardarka ta ba ka. Akwai ranar buɗewa da ranar rufewa, kuma galibi takarda ɗaya dabba ɗaya ce.

Baba Maharbi:
Mu ma muna da ranar rufewa, yaro, ba a takarda take ba. Da ruwa ya sauka an rataye kayan farauta an ɗauki fartanya. Mai ciki ba a harbin ta, mai shayarwa ba a harbin ta. Sarkin Baka yana jin ka yi, zai kira ka gaban jama'a. Yanzu wa ke jin kiran?

Amma maganar gwiwa da ka yi ta shige ni. Akwai wani ɗan tudu kafin ƙauyen da nake ajiye keke, yanzu sauka nake in tura. Injiniya, wannan na ɗayan da ya ce sai kana takawa yake taimaka maka, ana iya sa wa Phoenix ɗina?

Sarkin Gudu:
Allahu akbar! Baba ya sauko.

Baba Maharbi:
Ban sauko ba, tambaya na yi. Kai da ko gafiya ba ka taɓa kamawa ba sai a waya.

Injiniyan Sola:
Ana iyawa Baba. Ana sayar da motar haɗe da ƙafa, da batir, da ɗan akwatin da ke sarrafa wutar. Ga irin kekenka na fi son a sa ƙarama, mai wat 250, kada ta fi ƙarfin ƙarfen. Amfaninsa, ko batir ya mutu keke ne dai a hannunka, ka taka ka dawo gida. Wannan shi ne bambancinsa da masu siffar mashin, waɗanda fedarsu ta ado ce. Abin da sai an duba shi ne girman ƙafar, don tsofaffin kekunan nan inci 28 ne, ba kowace mota ke zuwa da wannan girman ba, wani lokaci sai an sake ɗaure ta a kan naka.

Mai Faci:
Ɗaurin ba matsala, ina yi. Birkin ne ban yarda da shi ba. Birkin sanda na Phoenix in ƙafar ta jiƙe ko ta sha ƙura, ga nauyin batir ga nama a kariya ga gangara, sai addu'a. In za a sa, a sa sabon roba, a miƙe ƙafar ta daina rawa, kuma Baba ya yi alkawarin ba zai yi tsere da jikoki ba.

Ga wata dabara kyauta ga duk mai shiga turba, da mai caji da marar caji. Ka samu tsohuwar taya, ka yanke gefunanta biyu masu waya, ka shimfiɗa tsakiyar a cikin sabuwar kafin ka sa tif. Tana ƙara nauyi kaɗan, amma tsidau ba ya kaiwa ciki. Ƙayar aduwa dai ba ta da magani, sai kallon hanya.

Matar Maharbi:
Ni in zai sa nama ya iso gida da wuri ina goyon baya. Na gaji da karɓar abin da ya wuni a buhu cikin rana, sai an yi ta fama da wuta ana banda cikin dare.

Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai iyayena. Yadda na fahimta, na cikin gari ba nawa ba ne, mai faffaɗar taya kuma aljihuna bai kai ba. Mashin ɗin ba zan sayar ba tukuna, don shi ke kai min kaya kasuwa. Akwai tsohon keken mahaifina a rataye a rumbu, zan sauko da shi in kai wa mai gyara, in fara da shi bana in ga yadda ni da karnuka za mu yi. In na samu yadda nake so, sai a yi maganar sa masa mota.

Malamin Daji:
Ka dai bar min mai ciki.

Ɗan Gangare:
In sha Allahu Malam.

Injiniyan Sola:
Ranar da za ka sayi batir, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinsa ka turo nan kafin ka biya. Ka kuma ɗaga shi a hannu. Akwai masu rubuta amfiya 20 a jikin abin da nauyinsa bai kai na 10 ba.

Mai Faci:
Keken da ya daɗe a rumbu, kada ka yarda da tayarsa ko da ta yi kyau a ido, ta bushe. Ka sayi taya da tif sababbi, ka jiƙa cen ɗin a baƙin mai ya kwana. Wane iri ne ma?

Ɗan Gangare:
Raleigh ne Yaya, baƙi, mai akwatin cen.

Baba Maharbi:
Nawa za ka sayar min?